Ranar da Kifin Adukwe Ya Fito Daga Teku Yana Busa Usur

Yayata Adukwe ta rasu a farkon damina, ta bar mini aiki. Shekara uku kafin nan tana zaune a bakin murhuna, tana cin bandar kifina ba tare da ta tambaya ba, ta ce, "Ayoko, ranar da na mutu kada ki bari dangin mijina su sa ni a akwati mai kusurwa huɗu kamar sandar sabulu. Jan kifi na sayar duk rayuwata, a cikin jan kifi za a binne ni." Na ce na ji. Ni kuwa in na ce na ji, to na ji.

Gawa tana firjin asibiti can garin mijinta, Anum kafinta na nan Teshi ya yi mako uku yana sassaƙa kifin. Ja wur, ƙafa tara, da wutsiya a ɗage, da baki a ɗan buɗe, ido kamar faranti, ciki an shimfiɗa farin yadi. Bayan kifin shi ne murfi. Anum ya nuna mini mayen ƙarfe guda huɗu da ya ciro daga tsofaffin lasifikoki ya binne a wajen kai, don kada murfin ya buɗe in masu ɗauka suka fara rawa da shi.

An sa jana'iza ranar Asabar a Lakonya, garin mijinta, gabas da mu a bakin teku. Ranar Laraba ruwa ya cinye gadar hanyar. Ranar Alhamis Awo Dede, ƙanwar mijin Adukwe, ta aiko mini da saƙo: in rana ta take tsaka ranar Asabar ba a ga kifi ba, kada in damu, akwai akwati a ɗakinta, mai kyau, mai kusurwa huɗu. Shekara arba'in matar nan tana neman ranar da za ta ga kaina a ƙasa.

Saura teku. Jirgi muna da shi, inji muna da shi, mai ne babu. Mako biyu ke nan ba a kawo wa masunta ko ɗigo ba.

Ina tsaye ina duban kifin sai na ji an ce, "Kaka, mai na mene ne? Ga iska kyauta, ga ni."

Odarte ne, jikana, ɗan shekara talatin da ɗaya, mai gyaran waya a Accra. Taku ɗari ne tsakanin ɗakin da aka haife shi da teku, amma bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba sai watan da ya wuce, da ya yi kwana biyar a wata makaranta inda masu kuɗi ke koyon tuƙa jirgi da ƙyallen iska. Ya dawo da takarda mai hatimi, da farar hula, da usur, da taswira, da kamfas, da baki.

Na ce, "Kai da ko wanka ba ka iya yi a teku?"

"Wanka daban, ilimi daban. Masuntanku shekara da shekaru suna tafiya da ka. Ni da lissafi nake tafiya. Awa uku da minti goma zan ajiye ku a Lakonya. Ku har ku sami lokacin yin barci."

Gaskiya ɗaya zan faɗa. Takardar nan ni na zaga da ita murhu-murhu na nuna wa mata, ko da yake ban san abin da ke cikinta ba. Yanzu ga su duk sun tsaya da tire a ka suna kallona. In na ce a'a, na ƙaryata kaina. Na ce ya ja mu, amma da Ata Sowa za a je.

Ata Sowa shi ya riƙe wa mijina jirgi shekara arba'in. Yanzu yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Ya fito da tsohon ƙyallensa na buhunan fulawa da aka ɗinke, ya kira Kwei da Okai, wa da ƙane, ƙarti biyu masu jan taru.

Asabar gari na wayewa muka dasa kifin a tsakiyar jirgi. Odarte ya iso sanye da rigar hana nutsewa mai ruwan lemo. Ya busa usur.

"A yi layi! Doka ta farko, ba mai shiga jirgi sai da irin wannan riga."

Kwei ya ce, "To ina namu, Kyaftin?"

"Ɗaya ce."

"Sai mu riƙa karɓa-karɓa? In na fara nutsewa sai in ɗaga hannu?"

"Ba wanda zai nutse. Lissafi bai nuna ba."

Daga nan ya bi igiyoyin da Ata Sowa ya ɗaure tun asuba, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya. Wai ƙullin jahilai ne, shi an koya masa ƙulli bakwai kowanne da sunansa. Yana ƙullawa yana ba igiya labari, wai zomo ya fito daga rami, ya zaga bishiya, ya koma. Ata Sowa ya juyo da idonsa mai gani ya ce, "Ayoko, zomo kuma a teku?" Na ce ya ƙyale shi.

Kowa a bakin tekun nan ya san ba a tura jirgi sai manyan igiyoyin ruwa sun gama wucewa, ruwa ya ɗan numfasa. Ata Sowa na tsaye yana ƙirga su da kunne, Odarte ya dubi agogo ya ce shida daidai, ya busa usur. Samarin da suka zo taya mu suka ji usur suka tura. Babbar ta same mu a goshi. Jirgi ya miƙe tsaye kamar akuya mai neman ganye, ya dawo ya zauna. Ƙullin zomo ya kwance, ƙyalle da sandarsa suka rufto mana. Na ji matan Teshi suna ihu daga tudu, "Kyaftin! Kyaftin, ina hularka?" Hular tana can tana komawa gida ita kaɗai.

Kwei da Okai suka fitar da mu da itacen tuƙi, Ata Sowa ya bi igiyoyi ya sake ɗaure su da ƙullin jahilai, ƙyalle ya tsaya. Odarte ya fito daga ƙarƙashin buhunan fulawa, ya ce gwaji ne, a makaranta ma ranar farko ake yin sa.

Ba mu yi nisa ba hazo ya sauko, irin na watan kamun kifin sardin, wanda kake jin muryar mutum ba ka ganin kunnensa. Tudu ya ɓace, rana ta ɓace. Odarte har da tafi.

"Yawwa! Yau za ku ga bambancin mai ilimi da mai shinshina iska."

Ya shimfiɗa taswirarsa da ta jiƙe a bayan kifin, ya ɗora kamfas a kan kifin, daidai tsakanin idanu. Ya ce allurar cikin abin nan arewa take kallo ko duniya za ta tashi, mu kuma gabas muka nufa, don haka aikinsa kawai kada allura ta gusa daga inda take. Ya karɓi babban itacen tuƙi daga hannun Ata Sowa, ya ce Baba ya huta.

Muka yi ta tafiya. Kowane ɗan lokaci sai ya leƙa ya ce, "Ko gashi ɗaya ba ta gusa ba! A makaranta ma malamin sai da tasa ta yi rawa."

Can Ata Sowa ya ce, "Ɗana, ɗazu iska tana bugun ƙeyata. Yanzu kuncina na dama take bugu."

"Iska ce ta juya, Baba."

Jim kaɗan tsohon ya ce, "Yanzu kuma hancina."

"Ta sake juyawa."

Okai ya ce, "Kyaftin, ruwan ma ya juya? Ɗazu yana turo mu, yanzu yana marinmu."

"Duk sun juya. Mu kaɗai ne muke kan hanya."

Ƙyalle ya fara kaɗawa kamar wanki a igiya, ya cika ta wannan gefe, ya koma ya cika ta wancan, sandar ta zo ta wuce ta saman kanmu, ta dawo. Sau biyu tana samun Odarte a kunne. Ya ce alama ce mai kyau.

Sai muka ga wani jirgi ya fito daga hazo, mutum huɗu suna jan ƙugiya. Babbansu ya ɗaga hannu.

"Awo Ayoko, sannunku! Allah Ya jiƙan Adukwe. Ina zuwa?"

"Lakonya!"

Ya dubi inda goshin jirginmu ke kallo, ya dubi abokansa, ya koma jan ƙugiyarsa.

Bayan kamar awa ɗaya muka sake cin karo da wani jirgi, shi ma mutum huɗu. Odarte ya miƙe ya ce waɗannan masuntan gabas ne, ku ga irin fentinsu. Ya ɗaga murya ya yi musu gaisuwar baƙi. Babbansu ya ce, "Awo Ayoko, har kun binne ta?"

Kwei ya kwanta a ƙasan jirgi yana shure-shure. Ni ban yi dariya ba. Na ɗaga kai na ga inda hazo ya fi haske, wurin ya hau sama sosai. Awo Dede tana can tana goge ƙura a kan sandar sabulunta.

Na tashi, na dafa kan kifin don in isa wurin yaron nan. Wuƙar yankan kifi da ke rataye a ƙuguna ta yi tsalle ta manne a goshin kifin, ƙwas. Na ja ta da ƙyar. Na dubi wuƙar, na dubi allurar. Ban yi makaranta ba, amma na san ƙarfe. Na ɗauki kamfas ɗin na kai shi wutsiya, allura ta juyo tana kallon kan kifi. Na kai shi hagu, ta bi kifi. Na kai shi dama, ta bi kifi, kamar kyanwa a bakin murhu.

Na ce, "Odarte, zo nan. Wannan abin naka arewa yake kallo ko akwatin yayata?"

Ya leƙa. Ya ce, "An faɗa mana wani abu kamar haka. Rana ta huɗu."

"Kana ina rana ta huɗu?"

"Ina kwance. Cikina ne bai..."

Bai ƙarasa ba, maganar ta tuna wa cikin nasa. Ya ruga gefen jirgi ya mayar wa teku tuwon dokunu da barkonon da na ba shi da safe. Okai ya ce, "Kyaftin, wannan ma lissafi ne?"

Na karɓi itacen tuƙi na danƙa wa Ata Sowa. Tsohon ya tsoma hannu a ruwa, ya ɗanɗana, ya juya fuska a hankali har iska ta koma ƙeyarsa. Ya ce kowa ya yi shiru. Can nesa, ta hagu, muka ji teku na dukan duwatsu. Ya ce, "Tun safe muna zaga ƙofar gida. Kwei, ja igiyar nan. In iska ta tsaya mana za mu kai, in ba ta tsaya ba sai Adukwe ta yi haƙuri."

Na ce, "Adukwe ba ta taɓa haƙuri ba tana da rai. A ja."

Iska ta tsaya mana, har ta yi yawa. Ta zo da hadari. Jirgi ya riƙa gudu kamar an biyo shi, ruwan sama na zuba, ni da Okai muna kwarfa da ƙwarya. Odarte ya ga takardarsa mai hatimi za ta jiƙe. Ya rarrafa, ya sa kafaɗa ya ɗaga murfin kifin, ya zura rabin jikinsa ciki yana neman inda zai ɓoye ta. Jirgi ya yi tsalle. Na ga tafin ƙafafu biyu a sama, sannan na ji ƙwas irin na ɗazu, amma babba.

"Kaka! Kaka, a buɗe!"

Muryar ta bakin kifin take fitowa. Kwei ya ja, Okai ya ja. Katako ya sha ruwa ya kumbura, mayen ƙarfe huɗu sun kama. Ata Sowa ya daka musu tsawa su koma kan igiya ko duk mu bi Adukwe.

Na sunkuya wajen bakin na ce, "Kana numfashi?"

"Ina yi."

"To ci gaba. In ka ɓata farin yadin nan, ba sai an fito da kai ba."

Ruwa na ɗaukewa sai ga Lakonya a gabanmu, da itatuwan kwakwarta da rumfunan jana'iza a bakin ruwa, mutane maƙil cikin ja da baƙi. Rana tana tsaka. Ina jin masu badujala. Na hango maza huɗu sun fito daga gidan Awo Dede ɗauke da wani abu mai kusurwa huɗu za su shiga da shi inda gawa take.

Na ce, "Sowa, shiga."

"Manyan igiyoyin ruwa ba su wuce ba, Ayoko."

"Na ce shiga."

Wannan laifina ne, kuma ban nemi kowa ya raba shi da ni ba. Igiyar ruwa ta ɗauke mu ta baya, ta karkatar da jirgi. Igiyar da ke riƙe da kifin, ashe ita kaɗai ce Ata Sowa bai sake ɗaurewa ba. Zomo ya fita daga rami. Kifi ya sulale ya faɗa teku.

Na rufe ido. Da na buɗe, sai na ga bai nutse ba. Ya hau kan igiyar ruwa, kai a gaba, wutsiya a sama, ja wur, ya nufi tudu ya bar mu a baya. Kuma yana busa usur.

Masu badujala ne suka fara gani. Mai babban ƙaho ya yar da shi. Kifin ya sauka a kan yashi, ya ja ciki har gaban rumfar manya, ya tsaya. Ya yi fiit, fiit. Sannan aka fara buga shi daga ciki.

Ban taɓa sanin tsofaffin Lakonya suna da gudu haka ba. Kujeru suka kife. Masu akwatin Awo Dede suka sake shi, ya faɗi ya rabe gida biyu. Wata mata tana ihu Adukwe ta gaji da jira ta je ta ɗauko abinta da kanta. Wani ya ce ai Adukwe tana ɗaki. Ta ce to wa ke ciki? Fasto ya tsaya, gaskiya ya yi ƙoƙari, ya ɗaga littafi yana matsowa taku ɗaya-ɗaya. Kifin ya ce, "Don Allah a kira Kakata." Fasto ya bi sauran.

Na fito daga ruwa zanena na ɗiga, na karɓi adda a hannun mai sayar da kwakwa, na zura a bakin murfin na taka. Ya buɗe. Odarte ya tashi zaune da rigarsa mai ruwan lemo, usur a baki, takarda a ƙirji. Ya dubi agogo, ya dubi jama'ar da ke leƙowa daga bayan itatuwa.

Ya ce, "Kamar yadda na tsara, ni na riga kowa isowa."

Na ɗauke shi da marin da har masu badujala suka ji.

Awo Dede ta dawo tana gyara ɗankwali, numfashi sama-sama. Ta ce wa manya, "Kun gani da idonku. An riga an shiga wannan akwatin. Matar wana ba za ta kwanta a saura ba."

Manya suka fara gyaɗa kai. Na ga abin zai kuɓuce mini a bakin gaɓa, bayan duk ruwan da na sha.

Na ce, "Ku zo ku taɓa yadin nan." Babban cikinsu ya taɓa. "A jiƙe yake?"

"A bushe yake."

"Ya ratso tekun Lakonya shi kaɗai, da wawa a ciki yana shure-shure, ko ɗigo bai shiga ba. Ba a taɓa gwada wa mamaci ɗaki irin haka ba. Na Awo Dede kuwa daga kafaɗa zuwa ƙasa kawai ya yi tafiya. Ga shi can, ku zaɓi rabin da za ku sa ta."

Suka juya suka dubi katakon da ke kwance gida biyu. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Manya suka haɗa kai, suka yanke cewa kifi za a yi amfani da shi, amma mai ran da ya riga mai ɗaki shiga sai ya wanke shi da lemon tsami a gaban kowa, sannan ya durƙusa gaban gawa ya faɗa mata da bakinsa abin da ya kai shi ciki.

Ya wanke. Matan Lakonya suka kewaye shi suna nuna masa inda ya tsallake. "Kyaftin, ga wutsiya." "Kyaftin, arewa da nan kaɗan." Da ya durƙusa gaban Adukwe ya fara da cewa bisa ga lissafinsa, na ɗaga hannu, ya koma ya ce, "Kaka Adukwe, faɗawa na yi."

Ƙarfe biyu aka ɗauke ta. Samari takwas suka yi rawa da kifin tun daga rumfa har makabarta, suka ɗaga shi, suka juya shi, murfi bai ko motsa ba. Na zuba mata ƙasa da hannuna, na ce, "Ga shi nan. Kada ki zo mini a mafarki da wata magana."

Ana watsewa Awo Dede ta same ni a gindin kwakwa ina matse bakin zanena. Ta tsaya kamar wucewa za ta yi. Ta dubi teku, ba ta dube ni ba.

"Kafintan nan naku, yana yin ƙaguwa?"

"Yana yi."

"Ki ce masa ina so." Ta yi taku biyu, ta dawo, ta rage murya. "Amma tawa a sa mata mabuɗi ta ciki."